Tarihihi cikin rigar ilimi: abin da ƙasar Kurfai ke nuna mana

Duk wanda ya taɓa zama domin tsara kalmomin tarihi da Hausa ya san inda aiki ke cijewa, watau wurin kalmar nan ta Faransanci, mythe. Muna da gatana ko tatsuniya, muna da almara da hikaya da ƙissa da camfi, amma babu ɗaya da ta dace da ita sosai. Mai gatana tun daga buɗe baki yake sanar da yara cewa ƙarya zai shirya, in ya gama kuma ya ce ƙurunƙus. Camfi yana hana mutum wani aiki ko ya sa shi, ba tare da labari a bayansa ba. Ƙissa ta annabawa ce da sahabbai, ba a taɓa ta. Kalmar da ta fi kusa ita ce tarihihi, wadda masanan adabin baka suka ƙirƙiro domin labarin da ya yi kama da tarihi alhali ba shi ba ne, kuma ita za mu yi amfani da ita a nan. Abin da muke nufi da ita shi ne labarin da ke faɗin asalin wani abu, wanda mai faɗi da mai ji duk suka ɗauke shi gaskiya ba tare da neman shaida ba, kuma wanda ke ba wani mutum izinin yin wani abu ga wani.

Al'adarmu mu masu bincike ita ce mu ɗauki na'ura mu tafi ƙauye neman tarihihi wurin tsofaffi, kamar dai can ne kaɗai yake zaune. A wannan maƙala muna so mu juya na'urar ta fuskanci ofis da makaranta. Mun zaɓi ƙasar Kurfai, wadda babban garinta shi ne Filinge, cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, domin kuwa a can labaran mutanen ƙasa da labaran masu mulki sun yi karo a sarari, kuma an rubuta karon.

Baƙon da ya zo daga gabas

Kurfayawa Hausawa ne na bakin iyaka ta yamma. Maƙwabtansu su ne Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan da Tagazar, da Arawa, da Adarawa. Kamar sauran al'ummomin wannan yanki, labarin asalinsu yana fuskantar gabas. Sarakunan Arewa suna kai salsalarsu Barno. Zabarmawa suna da Mali Bero wanda ya taso da jama'arsa bisa gindin rumbu mai tashi sama har ya sauka Sargan, kuma ko shi ana haɗa shi da kakan da ya fito ƙasar Larabawa. Daura tana da Bayajida ɗan sarkin Bagadaza wanda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ya auri sarauniya. Ginin labarin kusan ɗaya ne: akwai mutanen ƙasa masu riƙe da rijiya da tsafi, sai baƙo ya zo, ya yi bajinta, ya yi aure, sarauta ta fito daga zuriyarsa. Aikin irin wannan labari a gida sananne ne, yana raba hakki tsakanin masu ƙasa da masu sarauta, ya nuna wa kowa matsayinsa.

Turawan da suka fara nazarin harsunan Afirka sun zo da nasu baƙon. A ƙarni na 19 suka ɗauki sunan Hamu ɗan Annabi Nuhu suka liƙa wa wata al'umma da suka ƙaga, farar fata, makiyaya, wadda wai ta shigo daga arewa maso gabas ta kawo wa baƙar fata sarauta da ƙira da duk wani abin kirki. A 1912 Carl Meinhof ya buga littafinsa a kan harsunan Hamawa, ya zuba Hausa da Fulfulde da Masai da Nama cikin tukunya ɗaya. Hujjarsa ta nahawu ita ce bambanta jinsin namiji da mace, amma inda nahawu ya gaza, kamar a Fulfulde, sai shanu da launin fata su cike giɓin. A 1930 Seligman ya baza wannan ra'ayi cikin littafin da ɗaliban mulkin mallaka suka yi ta karantawa. To, da jami'in da ya sha wannan karatu ya zauna gaban maroƙin fada ya ji labarin Bagadaza ko Barno, sai ya ga kamar an ba shi shaida. Palmer a Nijeriya da Urvoy a Nijar, wanda tarihinsa na al'ummomin wannan ƙasa ya fito a 1936, duk sun cika taswirorinsu da kibiyoyin ƙaura. Tarihihi biyu ne suka haɗu, kowanne ya tsaya wa ɗan'uwansa shaida, aka kira abin kimiyya.

Ilimin harsuna ne ya yi ɓarnar, shi ne kuma ya fara gyara. Daga 1950 Joseph Greenberg ya nuna cewa babu wani dangin harsuna mai suna na Hamawa, ya ce a kwatanta kalmomi da siffofin nahawu kaɗai, a bar shanu da hanci waje. Fulfulde ta koma wurin ƴan'uwanta Serer da Wolof. Hausa ta zauna cikin dangin Cadi, mai harsuna kimanin 150, wanda Newman da Ma suka tabbatar da dokokin sautinsa a 1966. Ƴan'uwan Hausa na kusa su ne irin su Bolanci da Angas da Ron, a ƙasashen Yobe da Bauci da Filato. A 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa daulolin Hausa sun girma ne daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba sai da jarumi baƙo ba, a 1979 kuma Sutton ya kawo ra'ayin cewa harshen ya bazu daga wajen Haɗeja da Daura da Kano zuwa yamma. Gabas ɗin tana nan ke nan, amma tafiyar kwanaki ce da jaki. Duk da haka har yanzu ana samun darasin da ke fara tarihin Hausawa da Bagadaza kamar ranar haihuwa ce. Kada kuma a ɗauki abin wasa: a Ruwanda wannan labari na Hamawa yana cikin abin da aka wasa adduna da shi a 1994.

Sarkin da aka nema, iskokin da suka zo

Kafin zuwan Nasara Kurfai ba ta da sarki guda mai iko da ƙasa duka irin na Gobir ko Katsina. Garuruwa ne masu cin gashin kansu, da dattawan zuriya, da masu tsafin ƙasa, da mayaƙa waɗanda ake bi lokacin da harin Abzinawa ya taso, in ƙura ta lafa kowa ya koma gonarsa. Amma Faransawan da suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20 sun zo da tabbacin cewa baƙar fata ba ya zama sai da sarki, in ba a gan shi ba to ɓoyewa ya yi. Bukatarsu ita ce mutum ɗaya da za a tambaya lanho da ƴan aikin tilas da hatsi da dawaki. Suka same shi cikin mayaƙan da suka ba su hannu, Gado Namalaya, suka ɗora shi bisa kanto duka. Daga nan abin ya bi hanyar da muka sani a wurare da yawa: gidan da aka naɗa shi ake tambaya tarihin ƙasa, kumandan ya rubuta cikin kundin bariki, wanda ya gaje shi ya kwafa, bayan shekaru hamsin mai bincike ya iske takardar a ma'ajiyar Yamai ya kira ta madogara.

Amsar talakawan Kurfai ta zo ta hanyar da babu wanda ya zata. A 1925 wata mace mai suna Shibo ta hau wani iska da ƴan bori ba su san shi ba, mahaifinta Ganji yana tsaya mata. Nan da nan samari da ƴan mata suka bi. Sababbin iskokin suna da muƙamai irin na bariki, gwamna da kumandan da kaftin da soja, suna fareti, suna sara wa juna, suna riƙe bindigogin itace, suna wasa da wuta ba ta ƙone su. A Kurfai da Arewa ana ce musu Babule, Zabarmawa kuma suka ari kalmarmu suka ce Hauka, sunan da duniya ta san su da shi. Mabiyan suka ƙi lanho, suka ƙi aikin tilas, suka fita ikon sarkin kanto, wasu suka kafa nasu garuruwa a daji. Gado Namalaya ya kai ƙara. Kumandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kamo wajen mutum 60 aka tsare, aka yi musu dukan da zai sa su ce babu Hauka. A 1927 aka kori shugabannin zuwa wasu yankunan mulkin Faransa. Sakamakon dukan shi ne Croccichia da kansa ya shiga sahun iskokin, da sunan Kumandan Mugu ko Korsasi, domin mutumin tsibirin Korsika ne.

Mai nazarin harshe ba zai wuce sunan babban iskan ba tare da ya tsaya ba: Gomno Maliya, watau gwamnan Bahar Maliya. Mutanen da suka ƙirƙiro iskoki masu siffar Faransawa ba su ce daga Faransa suka fito ba, sai suka kai asalinsu gabas, hanyar Makka, inda duk wani iko na halal ke fitowa a tunanin ƙasar. Tsohon ginin labarin ne aka sake amfani da shi, baƙo mai ƙarfi ya zo, an ba shi masauki, an san sunansa da abin da yake so, saboda haka ana iya zama da shi. Sai dai wannan karo masaukin jikin talaka ne, fada ba ta samu ba.

Ƴan ci-rani suka kai Babule Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a Ankara a 1954 cikin fim ɗinsa Les Maîtres fous, wanda hukumar Ingila ta hana nunawa a can. Fim ɗin ya haifi nasa tarihihin, domin ya bar masu kallo da fassarar cewa hawan iska magani ne da ke sa lebura ya jure wahalar birni. A 1975 Finn Fuglestad ya koma ga takardun bariki ya nuna cewa a Kurfai abin tawaye ne ga sarauta da Nasara tare. Mu kuma muna da namu jarrabawar, ta mayar da Shibo ƴar kishin ƙasa irin ta littafin makaranta, mu share iskokin domin suna ba mu kunya. Wanda ya yi haka ya yi wa matar ƙarya, domin ita ba ta raba bori da siyasa ba.

Akwai ƙarin darasi ga wanda ya tuna zamanin Seyni Kunce, ɗan Fandu a wannan yanki, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatinsa ta raya samariya ta kafa tsarin raya ƙasa bisa cewa ƙauyen Afirka tun asali wuri ne na shawara da baki ɗaya, inda yaro ke bin babba. Samariya ta gina azuzuwa ta haƙa rijiyoyi, ba a musun wannan. Amma abin da ya faru a 1925 samari ne da mata suka juya wa dattawa da sarki baya, a ƙasar da ke maƙwabtaka da garin shugaban.

Manomi marar tsimi da hamada mai tafiya

A 1931 yunwa ta faɗa wa yammacin Nijar, kuma ƙasar Filinge na cikin inda ta fi tsanani. Fara ta cinye amfanin 1930, ruwa ya yi gardama. Bayanin bariki shi ne talaka ba ya tsimi, ya ci yau ya manta gobe. Amma binciken da Fuglestad da André Salifou suka yi cikin shekarun 1970 ya nuna sauran labarin: lanho da aka ci gaba da karɓa da kuɗi alhali farashin dabbobi ya faɗi, hatsin da aka ƙwace, majiya ƙarfi da aka kwashe zuwa ginin Yamai bayan an maido babban birni daga Damagaram a 1926. Mai binciken da aka aiko daga Paris ma ya ɗora wa hukuma laifi, aka sauya gwamna Blacher. Duk da haka maganin da aka ɗauka na tsohon bayanin ne, watau rumbunan tsimi na dole, inda kowane magidanci zai zuba hatsi ƙarƙashin makullin sarki da kumandan. Mutanen da harshensu ke da rumbu da rufewa da tsimi da tanadi da tattali, kowace kalma da nata ma'ana, su aka zo koya wa ajiya da bulala. An soke aikin tilas a 1946, amma manomi marar tsimi bai mutu ba, muna gamuwa da shi cikin gabatarwar takardun ayyukan bankin cimaka, ya sake riga ya zama mai bukatar wayar da kai.

Labarin hamada ya fi wannan tsawon rai. A 1935 wani masanin daji na Ingila, Stebbing, bayan gajeren rangadi da rani, ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa kudu saboda gatari da wutar daji da awaki. Gwamnatocin biyu suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937, Aubréville yana ciki, kuma kwamitin bai ga hamada mai tafiya ba. Rahoton ya kwanta a kabad, labarin ya ci gaba da yawo. Bayan farin 1973 ya dawo da ƙarfi: a 1975 Lamprey ya ce a Sudan hamada na cin kilomita 5.5 kowace shekara, ta hanyar kwatanta taswirar shekarun damina mai albarka da abin da ya gani bayan fari, Charney kuma ya kawo lissafin cewa kiwo ne ke tone ƙasa har ruwa ya ƙaurace. Taron Nairobi na 1977 ya ɗauki wannan ya zama ra'ayin duniya. Sai a 1991 hotunan tauraron ɗan'adam da Tucker da abokan aikinsa suka auna suka nuna bakin hamada yana gaba yana baya bisa ga ruwan shekara, a 2003 kuma Giannini da abokanta suka tabbatar cewa babban dalilin farin Sahel yana cikin zafin ruwan tekuna.

Ba muna cewa ƙasa ba ta lalace ba. Wanda ya san fakon da ke bisa tuddan Dallol, da yadda gonaki suka haura arewa wajen Abala cikin shekarun ruwa na 1950, suka tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ya san akwai ɓarna. Magana ita ce wa labarin ya ba iko. Dokar daji ta 1935 da wadda ta gaje ta a 1974 sun sa gawo da sauran itatuwa masu daraja ƙarƙashin hukuma ko da cikin gonar mutum suke, ma'aikacin daji yana cin tara. Manomi ya gane cewa itacen da ya tsiro masa masifa ce, sai ya sare shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, bayan muhawarar Maraɗi ta 1984 da aikin sassaben zamani da ya fara a wannan jiha, manoma suka bar kututture ya toho, har binciken 2009 ya ƙiyasta eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, ba tare da an dasa su ba.

Makiyayi ma ya samu rabonsa. Tun 1926 Herskovits ya ce ɗan Afirka yana tara shanu domin ado, a 1968 Hardin ya ce makiyayar kowa da kowa dole ta mutu. Bisa irin wannan tunani aka yi gidajen kiwo masu shinge kamar na Ekrafan, aka buɗe famfunan da ba su da mai su, waɗanda suka rushe tsohuwar dokar rijiya, inda mai rijiya ke ƙayyade kwanakin baƙo. Saniyar Azawak da ake zaɓe a tashar Tukunus tun 1954, wadda ake alfahari da nononta, makiyayan nan da aka ce ba su da lissafi ne suka fitar da ita.

Hausa ta ainihi

Saura namu, mu masu tsara karatun manya. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 an daidaita rubutun Hausa bisa karin Kano, kuma akwai hujjar yin haka: littattafai da jaridu da rediyo sun riga sun bi wannan hanya. Amma zaɓi ne na hukuma da kasuwa. Daga baya sai ya rikiɗe ya zama labarin asali, wai a Kano aka haifi Hausa tsantsa, sauran kare-kare lalacewarta ce, Kurhwayanci kuma Hausa ce da Zabarmanci ya ɓata. Dokar sauti da Klingenheben ya bayyana tun 1928 ta nuna akasin haka a wurare da dama. Inda mutumin yamma ke cewa amre, zamna, sabka, Bakano yana cewa aure, zauna, sauka, kuma siffar yamma ita ce tsohuwa, a Kano ne baƙin leɓe ya narke ya zama wasali. Malka ya kwatanta furucin Filinge da daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya a 1978, kuma abin da irin wannan aiki ke nunawa tsari ne mai dokokinsa.

Wannan yana da sakamako a cikin aji. Matar da ta zo karatun dare tana cewa hwara da hita da mi, sai malami ya ce mata ba ta iya Hausa ba kafin ta riƙe alli. Tun da kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, yawan littattafan da za a rubuta zai ƙaru, kuma da wannan kuskure za a ninka su in ba a gyara ba. Shawararmu ita ce a riƙe rubutu guda, amma jagoran malami na yankin Filinge ya ƙunshi jerin daidaito tsakanin furucin gida da rubutu, f da hw da h, au da am da ab, ne da ce da na da ta, a gaya wa mai koyo cewa harafi ɗaya ne ake karantawa iri biyu. Darussan farko su fito daga maganar mutanen wurin kamar yadda aka ɗauka. A darasin tarihi a sa labarin Bayajida da na Mali Bero ƙarƙashin sunansu na tarihihi, tare da bayanin aikin da suke yi, a sa 1925 da 1931 da shekarunsu da sunayen mutanensu. A darasin daji kuma, kafin a zana hamada tana cin gari, a tambayi ajin itatuwa nawa ke gonar kowa bana, nawa ne a zamanin mahaifinsa, kuma wa ke da ikon sare su.